Otomatik ta hannu ga mai iyali a Kano: wacce za ka ɗauka, wacce za ka bari a fili

Wata Asabar na raka ƙanin maiɗakina ganin mota. Malamin makaranta ne mai 'ya'ya uku, ya shekara huɗu yana adashi yana tari, kuma sharaɗi ɗaya matarsa ta kafa: ta zama otomatik, don ita za ta riƙa kai yara makaranta, ba za ta iya da taka kuloci a cunkoson Kurna ba. Mun isa filin da hantsi, muka tarar an wanke motar tana ƙyalli, har tayoyi an shafa musu mai. Na ɗora tafin hannu a kan bonet na ji ɗumi. Na ce da dillalin, “Alhaji, wa ya tayar da ita da sassafe haka?” Ya ce, “Yallaɓai, yara ne suka matsar da ita wajen wanki.” Na zaro sandar awon man giya na goga a farar takarda. Maimakon ja, sai ga shi kamar shayin da ya kwana a wuta, ga ƙauri. Muka ce za mu dawo gobe bayan asuba, amma kada kowa ya taɓa makulli. Nan take ya tuna akwai wani Alhaji da ke hanya daga Katsina da kuɗi a hannu. Muka yi masa fatan alheri.

Wanda zai sayi otomatik ta hannu, giya yake saya, sauran jikin motar rakiya ne. Mai manuwal idan kuloci ya ƙare, canji ne na yini ɗaya. Ita otomatik idan giyarta ta tafi, yawanci sai an sauke ta an nemo wata a Ƙofar Ruwa, kuma wadda za a ɗora maka ɗin ma ta hannu ce, ba ka san irin wahalar da ta sha ba. Ga shi ba a tura ta ta tashi. Ran da batir ya mutu a ƙofar gidan biki, ko samarin unguwa goma ne suka taru ba abin da za su yi maka sai a nemo wayar jona batir.

Kano kuma ba ta raga wa giya. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ga tsaye-tafi a Bata da 'Yan Kura da Kantin Kwari tsakanin 'yan adaidaita sahu, kuma babu abin da ke kashe man giya kamar zafi. A yawancin motocin nan ta cikin lagireto man giyar ke bi ya huce, saboda haka motar da ta saba tafasa, giyarta ma ta daɗe tana dahuwa.

Idan iyalin ba su wuce mutum biyar ba, ni dai ban ga ta biyun Toyota Corolla ba, musamman ta 2003 zuwa 2008 da mai bi mata, 2009 zuwa 2013. Injinsu lita 1.8 ne mai silinda huɗu, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, giyar kuma mai hawa huɗu ce irin ta da, wadda ba ta da wani surkulle. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da mota ke sha ya zama tambayar farko a kowane fili, kuma nan ne Corolla ke cin kasuwarta. Kayan gyaranta kuwa ko a Wudil ko a Bichi ta tsaya maka za a samu. Aibinta shi ne kowa ya san haka. Za ka biya kuɗin suna, wani lokaci ka ga tsohuwar Corolla ta fi wata motar da ta fi ta girma ta kuma fi ta ƙuruciya tsada. Kujerar baya ma matsattsiya ce idan yaran sun fara tasawa. Amma ranar da ka gaji da ita, kafin la'asar ka samu mai saya. A kula da ta 2014 zuwa sama ta Amurka, domin yawancinsu giyar CVT gare su, kuma zancenta na nan tafe.

Akwai 'yar uwarta da ake raina wa saboda tambarin da ke gabanta, Pontiac Vibe. An ƙera ta daga 2002 zuwa 2009 a wata masana'antar haɗin gwiwa tsakanin Toyota da General Motors a Kalifoniya, tagwaye suke da Toyota Matrix, kuma mai lita 1.8 injinta da giyarta na Corolla ne. Bayanta a buɗe yake, ka kwantar da kujeru ka saka buhun shinkafa biyu da katifa. Inda take ba da wahala kawai fitila da bamba da sauran kayan bodi, don su ba na Toyota ba ne, kamfanin Pontiac ɗin ma an rufe shi a 2010. A garin da ɗan adaidaita zai goge ka ya ce “yi haƙuri Alhaji” ya wuce, wannan abin lissafi ne.

Sai Honda, wadda Kanawa ke da tsohuwar soyayya da ita. Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, ta fi Corolla faɗi da daɗin zama, tana da lafiya a kan titin Zariya, kuma sau da yawa kuɗinta bai kai na Toyota sa'arta ba. Amma a nan sai an buɗe bonet an ƙirga. Mai silinda huɗu, lita 2.4, ita ce ta mai iyali. Mai silinda shida ta fi gudu, ta fi shan mai, bel gare ta da ake canzawa, kuma giyarta ce ta ja wa wannan mota baƙin jini, har kamfanin ya yi kiranyen na 2003 da 2004 a Amurka saboda giya ta biyu na ɗaukar zafi. Abu na biyu shi ne ƙafa. Duk wanda ke bin titunan garin nan ya taɓa ganin Accord ta durƙusa a kan kwana, tayar gaba ta karkace waje. Wannan ba ƙaddarar dare ɗaya ba ce, ƙwallon da ke riƙe ƙafar ne ke bushewa yana ƙara, mai ita yana cewa sai ƙarshen wata. Wanda zai riƙa kai ta a ɗaga a duba, ya sa kaya masu kyau ba na araha ba, zai ji daɗinta. Wanda ya san halinsa na mantuwa ne, ya koma Toyota. Honda kuma ba ta cin man giyar kowa, nata take so, DW-1, wanda ya maye gurbin Z1.

Camry na tsakiya. Ta 2002 zuwa 2006, Big Daddy, ta tsufa amma jaruma ce, but ɗinta kamar ɗaki. Ta 2007 zuwa 2011, wadda ake ce wa Muscle, ita ce ke jan ido, sai dai injin lita 2.4 na 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai, abin da Toyota da kanta ta amince da shi. Motar ba za ta zubar da ɗigo ɗaya a ƙasa ba, amma kafin lokacin juye ka ga sanda ta bushe. Dashbod ɗinta kuma kan narke ya yi danƙo a rana, ka taɓa da yatsa ka ji. Idan aljihu zai kai, ta 2010 da 2011 mai lita 2.5 da giya hawa shida ta fi kwanciyar hankali.

Mai mata biyu ko 'ya'ya shida, wannan duk bai shafe shi ba, Sienna ce maganarsa. Ta 2004 zuwa 2010 na ɗaukar mutum bakwai ko takwas. Na 2004 zuwa 2006 lita 3.3 ne mai bel, daga 2007 aka koma lita 3.5 mai sarƙa. Kawai kada ka saye ta don zuwa ƙauye da Sallah sau biyu a shekara, alhali sauran kwanakin kai kaɗai za ka riƙa jan silinda shida daga Hotoro zuwa wurin aiki. Ka kuma auna lungunku. Na san gidajen cikin gari da ko ƙaramar mota sai an naɗe madubi. Idan ƙofar gefe mai buɗe kanta ce, ka gwada ta sau biyar, wayarta na tsinkewa.

Waɗanda zan ce a bari kuwa, ko an yi maka araha kamar kyauta: duk mai giyar CVT da ta kwana biyu, irin Nissan Murano da Altima daga 2007. Wannan giya bel ne na ƙarfe tsakanin faifai biyu, ba ta son zafi, ba ta son man da ba nata ba, masu iya buɗe ta kaɗan ne. Haka Peugeot 406. Mota ce da Arewa ta sani tun ana harhaɗa ta a Kaduna, kuma manuwal ɗinta ba ta da abin kushe, amma da yawa daga cikin otomatik ɗinta giyar AL4 ce, mai saurin fushi ta maƙale a giya ta uku. Mercedes C-Class kuma, a bar wa wanda bai da kuɗin makaranta a gabansa.

Bayan iri, sai asali. 'Yar Beljiyam, wato wadda ba a hau a Najeriya ba, farashinta dala yake bi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ta yi wa masu albashi nisa. Sunan ma bai tabbatar da komai ba. Da yawa daga wuraren gwanjon motocin haɗari na Amurka suke fitowa, wasu ruwa ya ci su. Lambar cesis mai harafi da lamba 17 tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da ita ake binciko tarihin motar a intanet. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarafunan sun yi tsatsa. Agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, kowane mil kilomita 1.6 ne, ban da cewa agogo ana mayar da shi baya. Robar birki da fatar sitiyari sun fi shi faɗin gaskiya. 'Yar gida kuma ta fi sauƙi, kuma idan daga hannun wanda ka sani ne, wanda za ka iya tambayar bakanikensa, ni na fi son ta a kan Beljiyam ɗin da ba a san asalinta ba. Ka guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ana gane ta daga yadda aka yi wa wayoyi da dashbod ɗinki.

Takardu ba wurin kunya ba ne. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma ba duk motar da ke tsaye a fili ce aka biya wa duti cikakke ba. A cikin gari ba za ka ji komai ba, sai ran da ka ɗauki iyali za ku Abuja kwastam suka tsayar da kai a hanya. Ka ɗauki takardun ka kai ofishin kwastam a tantance kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka ga lambar da ke takarda ita ce a jikin mota, a yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, a kuma yanke la'adar dillali tun kafin a ce an sallama.

Ranar gwaji ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kira ba, da mai na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta karanto laifukan mota. A tayar da ita da sanyinta a gabanka. Kafin injin ya kama, fitilun dashbod duka su kawo, har da mai hoton inji, don wasu cire ƙwanta suke yi. Taka birki ka sa D ta gaba, ka sa R ta baya. Ta shiga nan da nan a hankali, ba ta yi jinkiri sannan ta buga kamar an doke ta ta baya ba. Sannan ka kunna sanyi ku yi tafiyar rabin awa, ku shiga cunkoso, ku hau gadar Ƙofar Nasarawa, ku fita inda za ka taka ta sosai, domin wata giyar lafiya lau take sai ta yi zafi take nuna hali. Idan ka taka totur ka ji injin na kuka amma motar ba ta ƙara gudu, giya na sulɓewa, ciniki ya ƙare. Kada wani ya ce maka “man giya kawai za a canza, Alhaji.” Da haka ne da sun canza kafin ka zo.

Ka lura da fanka kuma. Idan tana juyawa da zarar an murɗa makulli, an yi mata haɗin kai tsaye, kuma galibi an cire abin da ke daidaita zafin inji. Wasu makanikai na cewa wai don ƙasar sanyi aka yi shi, amma sau da yawa tafasa ake ɓoyewa da hakan. A leƙa salansa a ga ko abin tace hayaƙin nan da suke kira indomi yana nan, don ana yanke shi a sayar.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan motar. Ni shawarata a ware kashi ɗaya cikin biyar. Ƙanin maiɗakin nawa Camry ya ƙwallafa rai a kai, daga ƙarshe Vibe ya ɗauka daga hannun wani ɗan fansho a unguwarsu, fentinta ya koɗe amma man giyarta ja ne wur. Abin da ya rage a hannunsa ya tafi a makon farko: juye, man giya irin wanda littafin motar ya ce, don Toyota ma kala biyu gare ta, T-IV da WS, sai matatar iska saboda ƙurar hunturu, ruwan lagireto na kanti maimakon na rijiya, da canjin suna a takardu. Tayoyin ma duka huɗu ya sauke. Ƙirarsu na nan kamar sababbi, amma lambobi huɗun da ke gefensu, biyu na mako biyu na shekara, sun nuna sun girmi babbar 'yarsa.