Hattara da masu tallar kyamara "sabuwa dal" a Instagram

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto da bidiyo. Abin da ya sami yaron shagona makonni uku da suka wuce ne ya hana ni yin shiru.

Shekara biyu yaron nan yana tara ɗan abin da yake samu idan mun fita aikin kamu da dina, burinsa ya mallaki kyamarar Sony A7 III tasa ta kansa. Ya taya a shago nan Kano, kuɗinsa bai kai ba. Sai ya ci karo da wani shafi mai tarin mabiya, an jera kwalaye, an rubuta sabuwa dal daga Dubai da garantin shekara guda, farashin kuma ƙasa da na shago da kusan naira dubu 300. Mai shafin ya yi masa kiran bidiyo, ya nuna kwali a rufe, ya ce saura biyu kuma gobe kuɗi zai ƙaru. Yaro ya tura kuɗin cas, aka sako kaya a mota daga Legas.

Kyamara ta iso, kuma Sony ce ta gaske. Muna kunnawa sai muka ga rubutun menu duk da Japananci. Wanda bai sani ba ya sani: Sony da aka yi don kasuwar cikin Japan da harshensu kaɗai take zuwa, babu inda za ka danna ta koma Turanci. Na juya ta a hannu, robar mariƙin ta yi sulɓi, ramin da ke ƙasanta, inda ake ɗaura ta a kan abin tsayuwa mai ƙafa uku, ya goge. Na ɗauki hoto guda na loda a shafin da ke karanta yawan bugun shata, wato adadin hotunan da kyamara ta taɓa ɗauka, sai ga 87,000 da 'yan kai. Wani ya ci moriyarta shekaru, aka goge ta aka mayar a kwali. Lambar da ke ƙasanta ma daban da ta jikin kwalin. Batirin an buga masa NP-FZ100, sunan ainihin batirin wannan kyamara, amma bai kai awa guda ba ya mutu. Da yaro ya kira, aka ce "ana dubawa", washegari aka toshe lambarsa.

Ba ina cewa duk kayan da suka shigo ba ta hannun dillalin kamfani ba jabu ne. Yawancinsu na gaske ne, an dai yi su ne don wata kasuwa, shi ya sa suke da sauƙi, kuma garantinsu a can yankin yake aiki, ba a nan ba. Da yawanmu da irinsu muke cin abinci. Mai gaskiya zai faɗa maka haka tun farko, ka saya da saninka. Macucin kuwa a ƙarƙashin wannan rangwamen yake fakewa ya cusa maka tsohuwa da sunan sabuwa.

Ƙarin kuɗin shago da muke ƙorafi a kai, da shi kake sayen damar riƙe kyamara kafin ka biya. Ka kunna, ka duba harshe, ka gwada lamba da kwali, ka ƙirga bugun shata, a rubuta maka lambar a rasit, kuma ka san ƙofar da za ka koma idan ta ba da matsala. In dole sai ta intanet, a samu wanda ka yarda da shi a garin ya je ya yi wannan dubawar, sannan kuɗi ya fita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne katin memori da suka haɗa masa a matsayin kyauta. An rubuta 128GB, kwamfuta ma haka ta nuna, amma da na gwada shi da manhajar H2testw, mai auna ainihin girman kati, bai kai 32 ba. Irin wannan katin yana ci gaba da karɓar hoto bayan ya cika, sai ka zo kwashewa ka tarar sun lalace. Da ya fita ɗaurin aure da shi, me zai ce wa iyayen amarya? Ba a sake ranar biki.

Mun kai rahoto banki da ofishin 'yan sanda, mun ajiye shaidar tura kuɗi da duk hirarsu. Jiya na ga shafin ya dawo da sabon suna, da hotunan kwalayen nan dai a kan jan kafet. Don Allah ku tura wa yaranku masu shirin sayen kyamarar farko.