Farashin kanta daban, na kwamfuta daban: sharhina kan kantin da nake sayayya

Ba zan kama sunan kantin ba, duk ɗan Kano ya san irinsu: hawa biyu, filin ajiye mota, sanyi tun daga bakin ƙofa, kaya a jere, kowanne da 'yar takardar farashinsa manne a jikin kanta. Tun da Shoprite ta rufe reshenta na Ado Bayero Mall a Janairun 2024 da yawanmu muka karkata ga manyan kantunan 'yan gida, ni kuwa wannan na riƙe, har 'yan'uwa da abokan aiki na dinga turawa. Ba sanyin ne ya ja ni ba, farashin da ke rubuce ne. Ba ciniki, ba "albarka", ba mai kallon mayafinka ko motarka ya yanka maka kuɗi. Abin da ka gani shi za ka biya. To wannan ɗin suka taɓa min gab da azumin da ya wuce, kuma har yau abin bai bar raina ba.

Kayan azumi na je haɗawa: sukari, madarar gari, man girki, taliya, kayan shayi, dabino. Rabin kuɗin ma ba nawa ba ne, na surukata ne da ta ba ni saƙo, don haka duk abin da na jefa a kwando sai na buga kuɗinsa a waya. Da na iso wurin biya, yarinyar ta gama haska kayan, sai jimillar ta haura lissafina da fiye da N9,000. Na ce a bi su ɗaya bayan ɗaya. Galan ɗin mai kaɗai an ɗora masa N2,500 a kan abin da ke kanta. Madara ma haka, sukari haka.

"'Yata, duba min man nan, ba haka aka rubuta a can ba."

"Wallahi Hajiya abin da kwamfuta ta nuna ke nan, ni ba ni da ikon taɓawa."

"To kira min mai ikon."

Ta waiga hagu da dama, ta sassauta murya. "Don Allah Mama ki yi haƙuri, kar ki ce ni ce. In aka samu giɓi a akwatina ko na naira ɗari ne, a albashina ake cirewa."

Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, hijabinta a ƙarƙashin rigar aiki, a tsaye, babu ko kujera a bayanta. Na lura tana ɗage ƙafa ɗaya daga cikin takalmi tana hutar da ita, sannan ta sauya ɗayar. Ba ita ta sa farashi ba, ba ita ta manna takarda ba, amma duk mai fushi a kanta yake saukewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun Yulin 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi N70,000, kuma wuri mai ma'aikata da yawa irin wannan yana cikin waɗanda dokar ta hau. Ko da cikakkensa ake ba ta, ku cire kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ku ga abin da ya rage da har za a ce za a yanki giɓi a ciki.

Aka kira mai kula da layi, ya maimaita min maganar kwamfuta. Na ce ba zan biya ba kuma ba zan matsa ba. Sai ga manaja ya sauko daga sama, mutum mai ladabi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya gaishe ni, ya shiga bayani. Wai da safiyar nan dila ya turo sabon farashi, ofis ya shigar a kwamfuta nan take, su kuma yaran da ke sauya takardun kanta an rage su, ba su kai ga layin mai ba. Ya ƙara da cewa layin man ma ba ma'aikatansu ke kula da shi ba. Kamfanin da ke yin man yana da tasa ma'aikaciyar mai zuwa da rigar kamfani tana jera kaya, kuma kamfanin biya yake yi a ba shi bakin layi inda ido ke fara sauka. A ranar na san cewa 'yan matan nan masu riguna kala-kala da ke cewa "Hajiya gwada wannan" ba duka ne na kantin ba.

Na ce masa, "Malam, duk wannan tsakaninku ne da dila. Ni da takardar da kuka manna na yi ciniki."

Ya ce in yi haƙuri, ko dai in biya ko in ajiye kayan da suka tashi. Nan ne wani dattijo da ke bayana a layi, da kwandonsa ɗauke da kayan shayi, ya gyara murya. Bai ɗaga harshe ba. Cewa ya yi dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta hana a karɓi fiye da farashin da aka kafa a gaban kaya, kuma a kan irin wannan ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta garƙame wani babban kanti a Abuja a Fabrairun 2024. Ya ce da manajan, "Ɗana, ka sallami baiwar Allah nan a kan abin da kuka rubuta, ya fi maka sauƙi."

Kafin ya rufe baki mutane sun fara zaro rasit. Wata mata da har ta kai ƙofa ta dawo da ledojinta. Wani saurayi ya nufi layin mai da waya a hannu zai ɗauki hoto. Manajan da ya ce babu yadda zai yi, sai ga shi ya zaro wani kati daga aljihu, ya danna lambobi, farashi ya koma yadda yake a kanta. Ashe da yadda za a yi. Da ni kaɗai ce, ko da tsohuwa ce da ba ta iya karatu ba, da tuni an karɓe kuɗin an ce Allah ya kiyaye hanya.

Duk da haka, a ranar na fito da sassauci a zuciyata. Manajan da kansa ya rako ni har mota, ya sa yaro ya loda kayan, ya ba ni haƙuri, ya ɗan buɗe min cikinsa. Kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, kowa shaida ne. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo, kayan kamfani ba su sake zama wuri ɗaya ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa N225 kowane yunit, ninki uku da ɗoriya, su kuwa firiza da firji ba a kashe su dare da rana, in wuta ta ɗauke janareta ya ɗauka da dizal. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan mafi yawan kayan da ba abincin yau da kullum ba, ga na jiha, ga masu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya. Ya ce masu kantin kuma duk ƙarshen wata lissafin riba suke tambaya, ba uzuri ba. Na tuna Shoprite da duk ƙarfinta, masu ita na Afirka ta Kudu sun sayar da harkarsu ta Najeriya tun 2021, waɗanda suka saya ma ba su iya riƙe reshen Kano ba. Na ce a raina riƙe wuri irin wannan ba wasa ba ne.

Kuma suna da abin yabo. Wurin tsaf yake, akwai wurin salla na mata da ruwan alwala, ban taɓa ɗaukar abin da ya lalace a can ba. Da mutanen unguwa suka koka da yadda motoci ke toshe musu layi, sun sa masu gadi suna tsara fakin.

Amma da na zauna a gida ina ware kayan surukata, sai wata tambaya ta tsaya min a wuya. Galan ɗin man da na ɗauka, da ƙura a kafaɗarsa, ba da safiyar nan aka sauke shi daga mota ba. Tsohon kaya ne da suka saya a tsohon farashi. Dila ya turo saƙo da safe, kafin azahar tsohon kaya ya tashi. To me ya sa a 2025, da shinkafa da masara da gero suka sauko a kasuwar hatsi ta Dawanau har kowa na magana, buhun shinkafar kantin nan ya yi makonni bai motsa ba? Na tambaya a lokacin, aka ce min da tsada suka saro, sai sun sayar da na ƙasa. Wato in kaya ya tashi, sabon farashi ake bi, in ya sauka, tsoho ake bi. Kowace hanya aka bi, aljihuna ne a ƙarshenta. Kuma tunda nake shiga wurin ban taɓa zuwa wurin biya aka ce min "Hajiya, ai wannan ya sauka, takardar ce ba a sauya ba."

Sai kuma na tuna maƙwabciyata, abin da ya fi ɓata min rai ke nan. Bazawara ce mai 'ya'ya, tana yin yajin daddawa da garin kunun gyaɗa da garin ɗanwake, aiki mai tsafta. Ta sha wahala kafin ta samu lambar NAFDAC, ta buga leda mai kyau da sunan sana'arta, don kawai kayanta su shiga irin wannan kanti. Sun karɓa, amma a kan sai an sayar a biya ta. Ko an sayar ɗin ma sai ta yi ta sintiri, yau akanta ba ya nan, gobe ba a sa hannu ba, alhali kuɗin da za ta sayi barkono da gyaɗa ke nan. Na je na duba inda aka ajiye mata kayan: can ƙasan kanta, daidai idon sawu, sai ka durƙusa za ka gani. Kayan manyan kamfanoni kuwa suna daidai fuska, da fitila a kansu. Manajan ya ce min diloli na matsa musu, ban musa ba, amma su ma akwai waɗanda suke matsawa, kuma waɗannan ba su da wanda zai turo saƙo da safe a sauya musu lissafi.

Ga tsohon ciwon POS. An taɓa cire min kuɗi na'ura ta ce bai shiga ba, suka ce in sake biya in je in nemi bankina. Na san matsalar sabis ba tasu ba ce, amma ko takardar shaida ba su ba ni ba sai da na yi magana da ƙarfi.

Bayan salla na koma, ina sa ran zan tarar an gyara. Takardun layin mai an sabunta su, gaskiya ne. Amma a jikin kowane teburin biya an manna wata sabuwar sanarwa, da Hausa da Turanci, wai farashi na iya sauyawa a kowane lokaci, kuma na kwamfuta shi ne na ƙarshe. Duk abin da ya faru a ranar, darasin da suka ɗauka ke nan. Ba a ƙara yaran sauya takarda ba, ba a kafa na'urar da mutum zai haska kaya ya ga kuɗinsa kafin ya shiga layi ba, ba a kawo wa masu karɓar kuɗi kujera ba. An dai nemi abin da za a nuna wa mai ƙorafi na gaba da yatsa. Yarinyar nan na gan ta a teburin ƙarshe, a tsaye kamar kullum, sanarwar a manne daidai gabanta, ita za ta riƙa karanta wa mutane.

Na ɗauki hoton sanarwar, na haɗa da rasit ɗina, na tura wa FCCPC ta shafinsu na ƙorafi. Wanda zai shiga wurin, ya riƙa buga lissafinsa a waya, ya ɗauki hoton takardar duk wani kaya mai tsada, kuma kar ya bar bakin tebur sai ya karanta rasit. In an samu bambanci, a bar yarinyar, a ce a kira manaja, katin yana aljihunsa. Ni dai mai da sukari da madara yanzu daga kasuwar Singa nake sa a kawo min kwali-kwali, mu raba da 'yan'uwa, yaji da garin kunu kuwa a hannun maƙwabciyata nake saya kai tsaye. Kantin sai in kaza ko kifin firiza nake nema.