Ɓarawon da gwaggonsa ke cikin gari: sharhi kan akwatin masu koyo na Dungeons & Dragons

Ɗan baffana ne ya kawo mana akwatin da ya zo hutu daga Ingila, kuma yau wata uku ke nan muna baje shi a kan tabarma duk Asabar bayan la'asar, a gidanmu na Nima, a Accra. Wasan, wanda mutum ɗaya ke jan labari sauran kuma suna zama jaruman cikinsa, ya samo asali a Amurka a 1974, amma wannan akwati na masu koyo a 2014 ya fito. A ciki akwai ƙaramin littafin dokoki, da littafin labari mai suna Lost Mine of Phandelver, da ƙwayoyin jifa shida (irin na ludo, sai dai yawan fuskokinsu ya bambanta, daga 4 har zuwa 20), sannan takardu biyar, kowace ɗauke da jarumi guda da tarihinsa. Ni ne mai jan labari, ƙannena huɗu da wani maƙwabcinmu su ne jaruman. Hajiya ta ɗauka caca ce, sai da ta zauna ta ga ko sisi ba a ajiyewa hankalinta ya kwanta.

Takardun nan biyar su ne abin da ya fi kama ni. Da farko na raina su, ina ganin gara kowa ya ƙirƙiri nasa. Ashe wanda bai san gari ba, ba zai iya ƙirƙira wa kansa dangi a cikinsa ba. A zango, baƙo in ya sauka, abin da ake fara tambaya shi ne ɗan gidan wa ne, wa ye mai masaukinsa. Wannan tambayar takardun suka amsa tun kafin a jefa ƙwaya.

Ƙanwata ce ta ɗauki ɓarawon. Takardarsa ta ce tsohon ɗan ƙungiyar Redbrands ne, 'yan dabar da suka addabi garin Phandalin, kuma shugabansu Glasstaff ya taɓa sa a kashe shi. Sai kuma ga gwaggonsa, Qelline Alderleaf, tana da gona a garin, yana yi mata ihsani daga abin da ya sato, ba ya kuma son ta san aikin da ya yi. Ranar da ayarin ya shiga gari na sa gwaggon ta fito ta rungume shi tana tambayar ina ya shige. Yarinyar nan da ba ta cika magana ba ta ajiye kofin shayinta, ta dube ni ta ce, "Yaya, don Allah kada ka bari ta ji." Daga nan duk shawarar da ta yanke, gwaggon ce a ranta. Da za su shiga maɓoyar 'yan dabar, ita ta dage a bi ta ramin da ɗan gwaggon ya gano, kuma ta hana yaron binsu.

Takardar jarumin da yake wada, wadda maƙwabcinmu ya ɗauka, ita ma ta yi kyau. Ɗan uwan Gundren Rockseeker ne, mutumin da ya ɗauki ayarin haya su rako masa keken kaya daga Neverwinter. Da aka sace Gundren a hanya, maƙwabcin namu bai tsaya tambayar nawa za a biya ba, jininsa aka taɓa.

Amma ba duka biyar ɗin ne hannunsu ɗaya ba. Mayaƙin da ya fito daga ƙauyen Thundertree burinsa ya kori dodon da ya tare a kangon garinsu, kuma wurin yana gefe da babbar hanyar labarin. Ƙanena ya yi Asabar biyar yana jiran nasa ya zo, har na fara ganin gajiya a fuskarsa. Dole na riƙa sa matafiya suna kawo labarin ƙauyen tun da wuri. Shi kuma mai sihirin, aikinsa ya tsarkake wurin bautar wani abin bauta da ake kira Oghma. Wannan bai zauna mana ba ko kaɗan. Na mayar da shi ɗalibin da ke neman littattafan malaminsa da aka sace aka kai wancan kangon, labari kuma ya tafi daidai, babu abin da ya karye.

Komai da Turanci yake, don haka kafin kowane zama nakan karanta da dare, in rubuta sunaye da alaƙoƙi a littafin makaranta, in ja labarin da Hausa. Wanda zai saya don yara ko ƙanne, shawarata ya karanta takardun biyar kafin ya buɗe littafin labarin, ya kuma ba mai kunya a cikinsu ɓarawon. Mu yanzu muna mataki na huɗu cikin biyar, Asabar mai zuwa za mu nufi kogon Wave Echo, inda labarin zai ƙare, kuma har yau gwaggo Qelline ba ta ji komai ba.