Batirin NMC ko LFP: wanne ya dace da zafin Abuja?

Kafin ka tambayi kuɗin motar lantarki, tambayi irin batirinta. NMC, batirin da ake haɗawa da sinadaran nikel, manganis da kobalt, ya fi tara wuta, ba shi da nauyi sosai, yana kai mota nesa. Rauninsa zafi ne. Idan ƙwaya ɗaya daga cikin ƙananan batiran da ke cikinsa ta huje, zafinta ya haura digiri 200, takan saki oksijin, ta riƙa hura wa kanta wuta har ta kama maƙwabtanta. Cika shi fal kullum yana tsufar da shi, a tsaya a kashi 80.

LFP, batirin da ake haɗawa da sinadarin lithium, ƙarfe da fosfet, irin Blade na kamfanin motoci na BYD, ya fi nauyi, amma fosfet ɗinsa yana riƙe oksijin gam, don haka bai cika kamawa da wuta ba. Motar da za ta wuni cikin zafin ranar watan Maris a kasuwar Wuse, LFP ya fi mata.