Trade Machine ta ESPN: ta iya lissafin albashi, ba ta san ciniki ba

Da zarar an ɗaga kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a watan Yuni, sai kowane mai goyon bayan ƙwallon kwando ya koma manajan ƙungiya. Wannan ya ce a sallami wane a kawo wane, wancan ya rantse in aka haɗa taurari biyun nan kofi ya zo gida. Yawancin waɗannan shawarwari dokar albashi ta riga ta kashe su tun kafin a gama faɗa. Amfanin Trade Machine ke nan, na'urar gwada musayar 'yan wasa da ke shafin intanet na tashar wasanni ta ESPN: ka saka musayar da kake tunani, ta gaya maka ko lissafin kuɗin ya hau.

Kyauta ce, kuma ba ta da wuyar aiki. Za ka zaɓi ƙungiyoyi, daga biyu har zuwa huɗu. Kowace za ta fito da jerin 'yan wasanta, da albashin kowa da shekarun da suka rage masa a kwantiragi. Ka taɓa sunan ɗan wasa, ka nuna inda kake so ya tafi, ka yi haka a ɗaya ɓangaren, sannan ka danna maɓallin gwaji. In musayar ta faɗi, tana nuna ƙungiyar da ta karɓi albashin da ya fi ƙarfinta da adadin da ya kamata a rage. Wannan bayanin shi ne mafi amfani a cikinta, domin daga nan mutum yake fara gane dalilin da ya sa ake cusa 'yan benci biyu ko uku cikin babban ciniki alhali babu mai son su.

Sai dai wanda bai san dokar da ke ƙarƙashi ba zai yi ta dannawa ne a makance. Yarjejeniyar da NBA ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa, wadda ta fara aiki a Yulin 2023, ta shata layuka huɗu kan jimillar albashin da ƙungiya ke biya. A kakar 2025-26 iyakar albashi dala miliyan 154.6 ce, layin haraji miliyan 187.9, shinge na farko miliyan 195.9, shinge na biyu miliyan 207.8. Shingayen nan biyu su ne ake kira apron, kuma su ne suka sauya yadda ake ciniki gaba ɗaya.

Ƙungiyar da ta wuce iyakar albashi amma take ƙasa da shingen farko tana da ɗan sarari. A alƙaluman da aka fara da su a 2023, in ta fitar da mai albashin miliyan 5 tana iya karɓar ninki biyu da ƙarin dala dubu 250, wato miliyan 10.25. In ta fitar da miliyan 20, sai a ƙara mata miliyan 7.5, ta karɓi har 27.5. Daga miliyan 29 zuwa sama kuma kashi 125 cikin ɗari ne da dubu 250, don haka miliyan 40 na iya jawo 50.25. Wannan miliyan 7.5 na tsakiya yana hawa tare da iyakar albashi, saboda haka kada a riƙe shi a matsayin na dindindin. Da ƙungiya ta haye shingen farko, sararin ya ƙare: ba za ta karɓi ko dala ɗaya sama da abin da ta fitar ba. Wadda ta haye na biyu kuwa ba ta da damar haɗa albashin mutum biyu don sayen mutum ɗaya, ba ta tura tsabar kuɗi cikin ciniki, kuma ana hana ta musayar gurbinta na zagayen farko na shekara bakwai gaba a zaɓen sababbin matasan 'yan wasa da ake yi duk shekara. Mai cewa "a haɗa na miliyan 20 da na miliyan 15 a ɗauko na 35" ya fara duba inda ƙungiyarsa take tsaye.

Cinikin Karl-Anthony Towns daga Minnesota zuwa New York Knicks a Oktoban 2024 shi ne misalin da ya fi dacewa a gwada. Albashinsa ya kai kusan miliyan 49, kuma albashin Julius Randle da Donte DiVincenzo, waɗanda Knicks za ta bayar, a haɗe bai kai haka ba. Knicks na sama da shingen farko, dole ta fitar da abin da bai gaza wanda za ta karɓa ba. Minnesota kuma na sama da na biyu, ba ta da wurin ɗaukar ƙari. Mafitar ita ce shigo da Charlotte: Knicks ta sake sa hannu da Charlie Brown Jr., DaQuan Jeffries da Duane Washington Jr., ta miƙa su can tare da gurabun zaɓe na zagaye na biyu, don kawai cike giɓin lissafi. Mutum ukun nan ba su da kwantiragin NBA a lokacin da aka fara maganar, kuma jerin da na'urar ke aiki da shi na masu kwantiragi ne. Wato ciniki na gaske ya faru ta hanyar da mai dannawa a gida ba zai hango ba.

Babban giɓin na'urar ESPN shi ne gurabun zaɓen matasa. Musaya ce ta 'yan wasa da albashi, alhali a cinikin bazara gurabun su ne kuɗin. Brooklyn ta karɓi biyar na zagayen farko kan Mikal Bridges a 2024. Memphis ta karɓi huɗu kan Desmond Bane a Yunin 2025, ban da Kentavious Caldwell-Pope da Cole Anthony. In ka saka 'yan wasan kaɗai, sai ka ga kamar an cuci Memphis ƙiri-ƙiri. Su kansu gurabun suna da doka: ba a sayar da wanda ya wuce shekara bakwai gaba, kuma ƙungiya ba za ta bar kanta babu gurbin zagayen farko shekara biyu a jere ba. Dokar ta samo suna daga Ted Stepien, mai Cleveland a farkon shekarun 1980, wanda ya yi ta watsi da nasa har aka ga dole a taka masa birki. A wannan fanni irin wannan na'ura ta shafin Fanspo ta fi ta ESPN, domin tana barin ka saka gurabun cikin cinikin.

Iyakar ƙungiya huɗu ma ta zama ƙunci. Komawar Kevin Durant Houston a Yulin 2025 ta ƙare ne a matsayin ciniki na ƙungiyoyi bakwai, mafi yawa a tarihin gasar, duk da cewa zuciyar maganar ita ce Jalen Green, Dillon Brooks da gurbi na 10 zuwa Phoenix.

Akwai kuma kalanda, wadda ta fi rikita mutane a hutun kaka. Shekarar kuɗi ta NBA tana juyawa ne ranar 1 ga Yuli, don haka albashin da ya hau a Yuni yana iya ƙin hawa a Yuli, ko akasin haka. Shi ya sa ake jin an cimma yarjejeniya daren zaɓen matasa amma ba a kammala ta sai 6 ga Yuli. Wanda kwantiraginsa ke ƙarewa a wannan bazarar ba a musayar sa bayan kaka ta ƙare, sai dai ta hanyar sa hannu da miƙawa, wato ƙungiyarsa ta ba shi sabon kwantiragi ta miƙa shi nan take, kuma ƙungiyar da ta karɓi mutum ta wannan hanya ta ɗaure kanta, ba za ta haye shingen farko ba har ƙarshen shekarar. Wanda aka ɗauka yana zaman kansa, wato ba shi da kwantiragi, kuma ba a musayar sa sai 15 ga Disamba ko bayan wata uku, duk wanda ya fi nisa. Ga 'yan kaɗan masu sharaɗin ba za a musaya su ba sai sun yarda, irin su LeBron James a kwantiraginsa na 2024, da Bradley Beal lokacin yana Phoenix. Wasu kuma suna da ladan musaya a kwantiragi, har kashi 15 cikin ɗari na abin da ya rage, wanda ke ƙara nauyin albashinsu a wajen mai karɓa.

Ko an tsallake duk wannan, ba a nan gizo ke saƙar ba. Na'urar kamar sikelin mai awo take: tana faɗa maka nauyin buhu, ba ta faɗa maka ko hatsin ya yi ƙwari. Haɗa Beal da Durant da Devin Booker a Phoenix a 2023 ya wuce doka lafiya lau. Minnesota ta share su wasa huɗu babu ko ɗaya a zagayen farko na wasannin ƙarshen kaka na 2024, a kaka ta gaba suka ci 36 suka sha kashi 46, ko wasannin ƙarshe ba su leƙa ba. A ɗaya gefen, Boston ta tura Jrue Holiday Portland da Kristaps Porzingis Atlanta a 2025, cinikin da duk mai duba gwaninta zalla zai kira hauka. Dalilin kuɗi ne: Jayson Tatum ya tsinke jijiyar dunduniya a watan Mayu, kuma babu hikimar zama saman shinge na biyu ana biyan haraji mai nauyi a kakar da babban tauraro yake jinya. Milwaukee ma ba ta musaya Damian Lillard ba, sallamar sa ta yi ta baza kusan miliyan 113 da yake bin ta a kan shekara biyar don ta ɗauki Myles Turner. Babu maɓallin da zai kawo maka wannan dabarar.

Ga mai son gardama mai tushe, tsarin da ya fi shi ne a fara da shafin albashi na Spotrac, a ga jimillar ƙungiyar da nisanta da kowane shinge. Sannan a gwada 'yan wasan a ESPN don saurinta da bayaninta in abu ya faɗi, a koma Fanspo in akwai gurabun zaɓe a ciki. Kafin a yaɗa hoton sakamakon, a duba ranar da kowane ɗan wasa ya sa hannu, a kuma tambayi abin da ɗaya ƙungiyar za ta ci a cinikin. In amsar ita ce 'yan benci uku da gurbi ɗaya na zagaye na biyu a madadin tauraronta, lissafin zai iya hawa, amma manajanta ba zai ɗaga wayar ba.