Auto Scaling na AWS ko sabar guda ɗaya: wanne ya fi cin kuɗi?

AWS, sashen kamfanin Amazon mai ba da hayar sabar (kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet), ba ta karɓar ko sisi a kan Auto Scaling kansa, wato tsarin da ke ƙara ko rage yawan sabobi da kansa gwargwadon cunkoson baƙi, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Kuɗin yana cikin kayan da dole sai an haɗa kafin ya yi aiki.

Mu ɗauki farashin yankin us-east-1, cibiyar AWS da ke gabashin Amurka, wata ɗaya awa 730. Sabar guda ɗaya nau'in m5.large, mai vCPU (ƙwaƙwalwar sarrafa aiki) 2 da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) 8GB, tana cin dala 0.096 a awa, kusan dala 70 a wata. Manhaja, rumbun bayanai da fayiloli duk suna zaune cikinta.

A ɓangaren Auto Scaling kuwa, ana barin aƙalla sabar biyu a kunne, don in ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe. Ƙananan sabobi nau'in t3.medium biyu sun kai dala 61 a wata. Application Load Balancer, mai raba masu cunkoso, dala 16 ne tun kafin a lissafa zirga-zirga. In sabobin na ɓoye daga intanet, NAT Gateway, ƙofar da suke bi su fita intanet, zai ƙara dala 33, ban da kuɗin kowane GB. An riga an kai dala 110, ba a ma taɓa rumbun bayanai ba. Shi kuma tilas ya koma wani wuri daban kamar RDS, hidimar rumbun bayanai ta AWS, hotunan masu amfani su koma wuri kamar S3, ma'ajiyar fayilolinta, tunda duk sabar da aka kashe tana tafiya da abin da ke cikinta.

Ribar tana fitowa ne idan cunkoson mai tudu da kwari ne. A ce ana bukatar sabar 8 na awa 3 kullum, sauran lokaci 2 sun isa: awa 66 na aikin sabar za a biya a rana, maimakon 192 in an bar duka 8 a kunne.

Sai dai Auto Scaling ba ya da hanzarin da ake zato. Ma'aunin kyauta na CloudWatch, mai sa ido kan nauyin da ke kan sabobi, duk minti 5 yake aiko da rahoto, sannan sabuwar sabar sai ta tashi ta wuce gwajin lafiya. Cunkoson da ya faɗo farat ɗaya zai durƙusar da shafin kafin agaji ya iso. Wanda kuma ya bar iyakar yawan sabobi a sake, mutum-mutumin intanet kaɗai sun isa su kumbura masa lissafi cikin dare ɗaya.

Shafin da baƙinsa ba sa hawa da sauka sosai, sabar ɗaya da ajiye kwafin bayanai kullum ta wadatar, muddin mai shi zai jure ɗaukewar 'yan mintuna lokacin gyara.