Fim ɗin Kirsimeti ko namu na gida: wanne za ki kunna wa yayarki?

Anti, kin ce mijin yayarki ya rasu wata takwas ke nan, ta fita takaba amma har yau maganarta ba ta wuce i da a'a. Kin kuma ga ana ta ka-ce-na-ce kan fim ɗin Turawan nan na Kirsimeti, na matar da ta rasa miji ta koma garinsu, daga baya ta haɗu da wani. Wasu sun ce sun sha kuka, wasu sun ce ƙarya ce tsagwaronta. Shi ne kike tambaya ko shi za ki kunna mata, ko kuwa namu na Hausa mai irin labarin. Allah Ya jiƙan mamacin, Ya ba ta dangana.

Ni a gidan maƙwabciyarmu na kalle shi, a Tudun Wada, daren 25 ga Disamba. Mu bakwai ne a falo, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, kin dai san hunturun Jos, ga shinkafa da kaza da cincin a faranti. Ra'ayin nan biyu da kika gani duk a falon nan na ji su, tun kafin a tashi.

Masu cewa tun minti goma na farko suka san ƙarshen labarin ba su yi ƙarya ba, da gangan ake yin su haka. Uwa uba a harkar shi ne Hallmark, kamfanin da ya soma da sayar da katin gaisuwa a birnin Kansas na Amurka a 1910. Tun 2009 tasharsu ke jero finafinan Kirsimeti a watannin ƙarshen shekara, a wasu shekarun ma sababbi kusan 40 suka fitar a zango ɗaya. Cikin mako biyu zuwa uku ake ɗauke fim guda, da yawa a Kanada, galibi ma lokacin zafi, dusar ƙanƙarar ta bogi ce, 'yan wasan na zufa a cikin kwat. Wanda ke sayar da katin gaisuwa kuwa ba zai bar ki ki kwanta da baƙin ciki ba. Dole a rabu ana murmushi.

Namu kuma, mu 'yan Jos ba baƙi ba ne a harkar, tunda Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da aka kafa a 1979 a nan hedikwatarta take. Da can furodusoshi kan ajiye babban fim sai da Sallah su sake shi, a sayi kaset a taru a kalla. Yanzu abin ya koma masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin Arewa24, don haka mutuwar da Bature zai gama da ita cikin minti 90, namu sai ya ja ta wata uku.

To ga inda suka rabu. A na Turawan ba ki ganin mutuwar ko kaɗan. Ana buɗe fim an riga an yi shekara biyu ko uku da binnewa, sai hoto a bango. A namu kuwa da ke za a yi komai: salati, kururuwa, makara, tabarmi a ƙofar gida, zaman makoki, mata na shigowa suna "ya haƙuri?". Ga wadda nata ciwon bai kai shekara ba, wannan fami ne.

Sai batun dangi, wanda a nan ne falon ya kaure. Ana cikin kallo, uwar maƙwabciyar tamu, tsohuwa ce da ta haura saba'in, ta ajiye cokali ta ce, "Wai ita wannan ba ta da kowa ne? Daga ita sai kare?" Muka kwashe da dariya, amma fa ta kama bakin zaren. Matar cikin fim ba surukai, ba ƙannen miji, ba kishiya, ba wanda ya zo ƙirga kujerun falo. Gida nata, shago nata, damuwarta ɗaya ce tak, kewa. A namu dangin miji su ne rabin labarin: rabon gado, wa zai riƙe marayu, takardun gida da suka yi ɓatan dabo, ƙanin mamaci da ya fara zarya tun kafin wata huɗu da kwana goma su cika. Wannan shi ne gaskiyar rayuwarmu, ba musu. Matsalar ita ce rigimar kan cinye matar. Sai ki kalli zango guda cur ba ki ga lokacin da aka bar ta ita kaɗai a ɗaki tana tuna mijinta ba. In ma an bar ta, waƙa za a saka, a hasko ta da shi suna rawa a lambu.

Wannan gurbin da namu ke tsallakewa, shi na Turawan ya iya. Akwai wurin da matar ta buɗe kwali tana neman kayan ado na biki, sai ta ci karo da tsohuwar rigar sanyinsa. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta ɗaga rigar ta shinshina, ta ninke, ta mayar. A nan na ji maƙogwarona ya ɗaure, domin hular babanmu, zanna bukar mai ruwan toka, shekara shida tana ƙasan akwatin Innarmu, kuma duk safiyar Sallah sai ta fito da ita ta kakkaɓe ta mayar, ba ta taɓa ce wa kowa komai ba. Na waiga, sai na ga tsohuwar da ta gama yi mana ba'a tana goge ido da bakin zane. Ita ma ta binne nata. 'Yan matan da ke gefe kuwa waya suke latsawa, ɗaya na cewa fim ɗin ba shi da zafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga ranar, in na ji mutum na yabon fim ɗin ko yana kushe shi, nakan fara tambayar kaina ko ya taɓa yin biki da gurbin wani a gida.

Game da sabon namijin, duka biyun ba su burge ni ba. Na Turawan kullum kafinta ne ko mai gona, mai haƙuri kamar ba ɗan Adam ba. Namu kuma Alhaji ne da mota, ko tsohon saurayi da ya jira shekara goma. Bambancin kawai, can ita ke yanke shawara, nan kawu da baffa ke zama.

In don yayarki ne, na Turawan zan zaɓa. Gajere ne, ba gawa, ba rabon gado, kuma ba abin kunya a ciki in ban da sumba guda a ƙarshe da kofunan giya a teburin cin abinci, sai ki san da wannan in akwai yara ko manya a wurin. Abin da ya fi damuna minti ashirin na ƙarshe ne, inda kowa a garin ke ce wa matar lokaci ya yi da za ta buɗe zuciyarta. Macen da ta fita takaba a garin nan ta riga ta gaji da jin "ke fa yarinya ce, ki fitar da miji". Kada ta ɗauka saƙo kika aiko mata ta talabijin. Ki gaya mata labarin tun farko, in ta ce a'a ki bar shi. In ta yarda, ku zauna tare, ki dafa shayi mai citta, ki kuma ajiye rimot a kusa da hannunta, ba naki ba.